Juzu'i na Bakwai da Ya'ƙub Ya Ɗinka

Duk Bahaushen da ya yi karatu a unguwar Darrasa ta birnin Alƙahira cikin shekarun nan ya san Ya'ƙub mai ɗinkin littattafai. Wanda bai riƙe fuskarsa ba ma ya riƙe ƙeyarsa, don kullum a sunkuye za ka same shi, allura a hannu, zare a baki. Shagon ba nasa ba ne, na wani tsohon Bamasare ne da ake kira Ammu Mahir, a can wani lungu bayan masallacin Azhar inda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Nan ɗalibai ke kawo littattafan da suka yage, ko sababbin da aka buga da bango mai laushi, a ɗinke musu, a sa bangon fata, a buga suna a ƙashin baya da ruwan zinare. Hannun Ya'ƙub a wannan sana'a, ko Ammu Mahir da bai iya yabon mutum ba ya sallama masa.

Amma fa bawan Allahn nan matsoraci ne, kuma ba ɓoyayye ba. Yana tsoron tsallaka titi, yana tsoron karnukan lungu, in ya hango ɗan sanda sai ya dafe aljihu ko da takardunsa cif suke. Tsoron nan ne ma ya raba shi da karatu. Ya zo daga Malumfashi yana ɗan shekara ashirin da huɗu, da kai mai kyau, haddarsa ba gargada. To amma akwai jarrabawar da ake yi da baki, ka zauna gaban malamai uku su tambaye ka. Sau biyu yana shiga, sau biyu harshensa na ƙafewa, abin da ya sani kamar sunansa ya ɓace masa fat. Tallafin karatu ya yanke, abokan zuwansa suka gama suka koma da takardun shaida, shi kuwa kunya ta hana shi bin su. Ya raɓe a shagon Ammu Mahir da niyyar wata shida, ga shi yanzu shekara goma sha uku.

Mahaifiyarsa, Inna Hajara, tana nan a Malumfashi, kuma ta san bai gama ba, bai taɓa yi mata ƙarya a kan wannan ba. Sai dai ta samo wa kanta abin riƙewa. In mata suka fara zancen 'ya'yansu a gidan suna, ita ma sai ta gyara zama ta ce nata yana Masar, shi ke ɗinka wa malamai littattafan addini. Kowace Juma'a suna waya, kowace Juma'a sai ta tambaye shi yaushe zai zo, shi kuma ya ce bayan Sallah in Allah ya yarda. Wace Sallar, ba ta taɓa matsa masa ya faɗa ba.

Akwai kuma wani aikin da Inna ba ta sani ba. Matar wani jami'in ofishin jakadanci da ke unguwar Zamalek ce ta fara kawo masa wasu littattafai a leda, duk sun sha hannu sun ragargaje. Labaran soyayya ne na zamanin da, irin waɗanda ake tsinta a kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, bangonsu da hoton mace cikin doguwar riga da wani ƙato mai gashin baki tsaye a bayanta. Ya gyara mata su, magana ta bi bakin mata, kafin ka ce me 'yan mata ɗalibai sun fara saɗaɗowa. Su ba yagewa ce damuwarsu ba, hoton nan ne, don ba mai iya ajiye shi a kan gado a masaukin ɗalibai. Ya'ƙub sai ya cire bangon, ya sa wani shuɗi mai duhu wanda ba rubutu ba zane, ya buga lamba kawai a baya. Na farkon da yarinya ta kawo lamba ɗaya, na biyu lamba biyu, haka har ta tara abinta a jere kamar littattafan lissafi.

Wasu sun roƙe shi ya buga musu sunan littafin addini a kai don a fi samun rufin asiri. Nan kam ya ƙi, matsoracin nan ya kafe, ya ce hannunsa ba zai ɗora sunan malami a kan labarin soyayyar ɗan Basha ba, wato ɗan wani babban basarake na zamanin da. Amma karantawa, ai yana karantawa. Mai ɗinki ba ya rufe ido, kuma shafi na buɗe a gabansa. Abin da ke ɗaure masa kai matan cikin labaran ne. Wannan ta gaji kantin turaren ubanta ta hana kawunnanta taɓawa, waccan ta shiga jirgin ruwa ita kaɗai, wata ɗan sarauta ya zo neman aurenta da keken doki ta bar shi tsaye a rana don tana da ciniki. Sai ya ajiye allura yana mamakin yadda aka halicci mutum ba tsoro, ko da a takarda ne.

Nana Fatima na cikin masu kawo masa irin waɗannan. 'Yar garinsu ce, 'yar Malam Habu, wanda zaurensa ke layi biyu da gidan Inna. Zuwanta Masar ba da sauƙi aka yi shi ba. Dangi sun taso a kan ba a tura 'ya mace wata ƙasa ita kaɗai, ƙanin Malam ne ma kan gaba. Malam ya tsaya mata shi ɗaya, amma sai da ya yi alkawari a gaban kowa cewa ranar da aka ji wani abu maras daɗi a kanta, ko ƙanƙane ne, shi da kansa zai sa a dawo da ita. Shekara uku ba a ji komai ba. Saura mata shekara ɗaya ta gama.

A ƙarshen zangon bara ta shigo shagon da kwali. Malam ne ya aiko a saya masa wani sharhin fiƙihu mai juzu'i goma sha biyu, kuma ya ce ɗan Hajara ne zai yi masa bango, ba wani ba. A saman kwalin ta ɗora nata littafin soyayyar, ta ce shi ma a haɗa, na bakwai ke nan. Wani ɗalibi, Ukasha, zai tashi gida ranar Alhamis, shi zai tafi da na Malam. Kwana huɗu ke nan suka rage, ga zafin Alƙahira na tsakiyar shekara, ga aikin masu komawa gida jibge har rufi.

To ga yadda ake aikin. In an ɗinke cikin littafi, sai a manna masa farar takarda gaba da baya, a naɗe shi da takardar banza don kada gam ya ɓata shi, a danne a matsi ya kwana. A jikin naɗin nan ake rubuta lamba da fensir don a san wane bango ne nasa. Ya'ƙub ya rubuta ɗaya zuwa goma sha biyu a na Malam. A na Nana ya rubuta bakwai, don na bakwai ne. Tsayinsu ɗaya, kaurinsu kusan ɗaya. Ranar Laraba da yamma ya sa kowanne a bangonsa yana sauri, Ammu Mahir na tsaye a kansa yana yalla yalla, gam bai gama bushewa ba balle a buɗe a duba. Aka ɗaure kwali, Ukasha ya ɗauka, Nana ta sa shuɗin nata a jaka ta tafi.

Ranar Lahadi da hantsi ta dawo. Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta ajiye shuɗin littafin a kan teburinsa ta buɗe. Ya leƙa, sai ya ga babin rabon gado. Ya juya shafi, ya sake juyawa, gado ne dai, har ƙarshe. Bai fahimta nan take ba, sai da ya ɗago ya dube ta, sannan ya gane. Idan juzu'in Malam na nan cikin shuɗin bango, to labarin ɗan Basha yana Malumfashi, sanye da koren bangon fata, da sunan babban malami a bayansa da ruwan zinare.

Ya ce a ce na wata Bamasariya ne da ta kawo gyara, ai kuskuren shago ne. Nana ta girgiza kai. Da littattafan nan take ƙara Larabcinta, duk kalmar da ta gagare ta sai ta rubuta ma'anarta da Hausa a gefen shafi. Ba shafin da ba Hausa a jikinsa.

"Kuma ba ma'anar kalmomi kaɗai ba ce, Malam Ya'ƙub," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Akwai inda dangin yarinyar suka aiko ta koma ƙauye ta ƙi. Na yi rubutu a wurin."

"Me kika rubuta?"

"Na ce ni ma da zan samu, ba zan koma gida ba."

Ta rantse masa ba har zuciya ba ne, ranar kewar gida da haushin kawunta ne suka haɗu mata. Ya yarda da ita. Amma ya san ba wanda zai tsaya jin wannan bayani a zauren Malam.

Ya kira Ukasha, har sau biyu yana kuskuren lamba. Ukasha ya ɗauka cikin fara'a, ya ce ai tun jiya ya kai saƙo hannu da hannu, Malam ya shafa bangon ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka, har an jera su a kabad mai gilashi an kulle. Idon Malam ya yi rauni yanzu, babban ɗalibinsa Muhammadu ke karanta masa a majalisi bayan la'asar. Sun kusa gama na biyar a tsohon kofi, da sabon za su ci gaba. Ya'ƙub ya yi lissafi da yatsu. A yadda Malam ke tafiya, wata biyu ko uku kafin a kai na bakwai.

Kada Allah ya nuna wa maƙiyinka irin zaman da ya yi a makonnin nan. Abinci ya daina wuce masa, wake da burodin safe sai ya tura gefe kuliyar lungu ta cinye. Waya ta yi ƙara, ko ta Ammu Mahir ce, sai ya zabura allura ta soke shi. In la'asar ta yi a gida, wuraren ƙarfe shida a nan, sai ya kasa ɗinki, ya zauna yana ganin hannun Muhammadu na miƙawa cikin kabad. Ya yi tunanin ya roƙi Ukasha ya sato littafin, to ya ce masa me? Ya yi tunanin ya gaya wa Inna, ya tuna bakin Inna ba ya riƙe abin da ya shafi ɗanta. Nana kuwa takan wuce ta bakin lungun kullum, ta dube shi, ya girgiza kai, ta wuce. Ta rame, har mayafinta ya yi mata yawa. Abin da ya fi cin sa shi ne yarinyar nan ba ta taɓa ce masa kai ka jawo ba, alhali shi ya jawo.

Da mai dakakkiyar zuciya ne, da ya jira wani amintacce mai tafiya ya je ya musanya a ɓoye, lokaci na nan. Ina, tsoro ba ya barin mutum ya jira. A mako na uku ya cire juzu'in gaskiya daga shuɗin bango, ya yi masa kore irin na 'yan uwansa, ya ba wani ɗan kasuwa mai tafiya Kano ya kai wa Malam, ya haɗa da 'yar wasiƙa. A ciki ya ce na bakwai da ke wurin Malam yana da aibi a ɗinki, don Allah kada a buɗe shi, a ba mai kawo wannan ya dawo da shi. Ya ga kamar ya yi dabara, har ya ci abinci a ranar. Wai ka rubuta wa malami kada ya buɗe littafi, a kuma karanta masa wasiƙar a gaban ɗalibai!

Wayar ta shigo ranar Talata, yana tsakiyar yanka fata. Lambar gida ce. Ya ɗauka, ya ji hayaniyar mutane da tarin wani dattijo, ya san an sa shi a sifika ne a tsakiyar zaure. Ya zauna a kan tarin kwali.

Malam bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ya ce wasiƙa ta iso, ya ga bai kamata a wahalar da littafi da doguwar tafiya a kan ɗan aibin ɗinki ba, sai ya sa Muhammadu ya ɗauko a gani. Muhammadu ya buɗe tsakiya ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda ya saba, sai da ya yi layi uku cikin bayanin idanun wani ɗan Basha sannan ya tsaya. Ƙanin Malam na wurin, shi ya karɓi littafin ya ga Hausa a gefe.

"Ya'ƙubu," in ji Malam, "littattafan nan hannu biyu suka bi, naka da na yarinyar nan. Ina tambayarka don Allah a gaban mutane. Na wane ne?"

Harshen nan ya ƙafe kamar yadda ya saba. Ga Ammu Mahir ya saki aiki yana kallonsa. Ya san in ya ce na wata ne, za a ce wace ce, daga nan kowane uba mai 'ya a Alƙahira zai fara bincike. In ya yi shiru, shirun ya ba da amsa. Can cikin wayar ya ji ƙanin Malam na cewa ai ba sai an tambaya ba, abin a fili yake.

"Allah gafarta Malam, nawa ne."

Muryar ta fito siririya kamar ba tasa ba. Malam ya ce ya maimaita mutane su ji, ya maimaita. Ya ji ƙarar shafi ana juyawa. Malam ya ce akwai wani wuri da Muhammadu zai karanta. Muhammadu ya karanta, kalma bayan kalma, cewa ni ma da zan samu, ba zan koma gida ba.

"Wannan ma kai ka rubuta?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

Wani ya yi salati, wani ya ce ai ga shi nan kuwa, shekara goma sha uku bai dawo ba. Ba wanda ya yi musu, maganar ta zauna a kansa daram kamar don shi aka yanka ta. Malam ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ko ta takaici ce ko ta samun sauƙi, Allah kaɗai ya sani. Ya ce Allah ya shirye shi, ya ce kuma daga yau kada ya ƙara taɓa masa littafi. Aka kashe wayar.

Kafin kwana uku labari ya zagaye Darrasa, don ba abin da ke faruwa a Malumfashi da safe bai iso nan da azahar ba. Ɗaliban da ke kawo masa littattafan addini suka koma wucewa ta ɗaya lungun. Wasu na dariya, wai ashe gwanin namu karatun 'yan mata yake yi. Ammu Mahir da aka fassara wa abin ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alesh, wato ba komai, aikin Masarawa ma ya ishe su. Nana ta zo tana kuka ta ce za ta kira Malam ta faɗi gaskiya. Ya'ƙub ya ce in ta yi haka ta zubar da abin da ya riga ya biya, ta je ta gama karatunta, kuma kada ta ƙara tsayawa a shagon nan ko gaisuwa. Ta tafi. Duk wannan bai dame shi kamar Juma'a da ke tahowa ba.

Inna ba ta jira ya kira ba, ita ta kira, ana saukowa daga masallaci. Ya fito bakin lungu inda ba kowa ya jingina da bango. Ya shirya jin faɗa a kan littafin, a kan kunyar da ya ja mata a gidajen suna. Ko kalma ɗaya ba ta ce a kan wannan ba. Ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi zafi, sannan ta shiga abin da ya sa ta kira.

"Ya'ƙubu, an ce ka rubuta da hannunka wai ba za ka dawo gida ba. Na ce musu ƙarya ne, ɗana ba zai rubuta haka ba. Mayafina na kafaɗata yanzu haka. Ka ce mini ba kai ba ne, in je in sami Malam Habu a zaurensa."

Ya san za ta je. Layi biyu ne, kuma Inna in ta tashi wanke ɗanta ba ta barin dutse a kan dutse, sai ta sa an ɗauko littafin an gwada rubutu da wasiƙarsa. Ya rufe ido. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma bai taɓa son ganin ta kamar yanzu ba.

"Ni na rubuta, Inna."

Ya ji numfashinta, ya ji kukan akuya a tsakar gidansu, ya ji ta zauna a kan wani abu.

"To," in ji ta. "Da ka gaya mini tun tuni, da na daina share ɗakin nan naka kowace Sallah."

Ta yi masa addu'a kamar kullum, ta ce ya riƙa cin abinci, ta kashe wayar. Ba ta tambaye shi yaushe zai zo ba.